Shekarar da Na Rushe Ɗakin Yayanku

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, saboda haka kada wata ta wahalar da kanta wajen rantsuwa. Kuna cewa Umma ta rushe ɗakin ɗanta na fari saboda baƙo, ta mayar da kyautar da 'ya'yanta suka saya wa ubansu, duk a kan wasan da ita kanta ba ta taɓa bugawa ba. Hadiza takan faɗa da taushi, Sadiya takan haɗa da dariya, amma maganar ɗaya ce. Har ta kai jikata, wadda ko goyo ba a daina yi mata ba lokacin da abin ya faru, ta tambaye ni ko gaskiya ne ni ce na kori babanta daga gidan nan. Na yi shiru duk shekarun nan ne don mahaifinku yana da rai, kuma mutum ne da ba ya son hayaniya. Yanzu Allah Ya karɓi abinsa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. To ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta kira magini.

Kun san gidanmu na Gyadi-Gyadi, amma zan faɗi fasalinsa saboda jikoki. Gareji ne a gaba yana kallon titi. A bayan garejin, bango ɗaya tsakani, ɗakin Yayanku ne, wanda aka gina masa da ya zama saurayi, ƙofarsa tana buɗewa ta tsakar gida. Tun da ya tafi ƙasar waje karatu, ya samu aiki ya yi zamansa, ɗakin a rufe yake, sai in zai zo hutu a share. Ni kuwa a lokacin na riga na yi ritaya daga aikin jinya, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a sashen kwanciyar maza. Ku riƙe wannan, domin ba a gidana na fara ganin dattijo ya zauna ya ƙi tashi ba.

Mahaifinku ya fara buga golf tun kafin a haifi Sadiya. Wani ogansa ne a ma'aikata ya ja shi, ogan ya daina, shi ya maƙale. Na yi masa tsiya har na gaji. Nakan ce masa, mutum da gemunsa da iyalinsa ya fita cikin rana yana bin ƙwallon da ba ta kai ƙwan agwagwa ba, ya doke ta, ya je ya nemo ta, ya sake dukanta ta ɓace. Mutanen layinmu kuma suna cewa Alhaji ya shiga wasan manya, ba su san sandunansa na gwanjo ba ne, jakar ma ni nake ɗinke mata hannu duk lokacin da ya tsinke. Abokin wasansa ɗaya ne, Baba Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna da suka yi ofis ɗaya, wanda yake zaune a Tarauni da matarsa Maman Rahila, malamar firamare. Kowace Asabar da sassafe zai yi hon a ƙofar gidan nan, su tafi, su dawo wajen azahar suna musu. Ban taɓa jin sun dawo ba musu ba. Wannan ya ce wancan ya tura ƙwallo da ƙafa, wancan ya ce wannan bai iya ƙidaya ba, su ci abincina suna yi, su wanke hannu suna yi.

Baba Yohanna bahago ne, kuma duk labarin nan a kan hagunsa ya rataya. Mai bugu da dama yana tsayawa ta wani gefen ƙwallo, bahago ta ɗaya gefen. Mahaifinku ya taɓa gaya mini cewa a wurin gwaji, inda ake jeruwa ana buga ƙwallaye, kowa ƙeyar na gabansa yake kallo.

"Ni kaɗai nake kallon fuskar nawa," in ji shi. "Shi ya sa nake gane duk lokacin da zai yi ƙarya."

A filin wasan ciwo ya sami mahaifinku. Baba Yohanna ne ya cicciɓe shi ya sa a mota, ya kai shi asibiti, sannan ya zo ya ɗauke ni. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Allah Ya sa an kai shi da wuri, baki ya dawo, hannu ya dawo da ɗan ƙarfinsa, ƙafa ce ta rage yana ja. Zagaya fili mai faɗin unguwa guda kuwa, likita ya ce a manta da shi. Da muka dawo gida sai ya samu kujerar nan ta bakin taga a falo ya zauna. Mai gashin ƙashi ya zo don motsa masa jiki, Alhaji ya ce yau jikin ba daɗi. In ce ya tashi mu taka zuwa bakin get, ya ce anjima. Salla a zaune, abinci a zaune, rediyo a kunne amma ba saurare yake yi ba. Na san wannan zaman. Na ga maza da yawa sun yi shi a asibiti, na kuma san inda yake kai mutum, don sau da yawa ba ciwon ne ke ƙarasa su ba, kujerar ce. Tsoro ya kama ni sosai, ban gaya wa kowa ba.

Zan ba Yayanku haƙƙinsa, domin ni ba na cin haƙƙin mutum ko ina fushi da shi. Shi ya kawo shawarar. Ya ce yanzu akwai na'urar da ake ajiyewa a ɗaki, a shimfiɗa tabarmar ciyawar roba, a rataya farin labule mai kauri a gaba, mutum ya doki ƙwallon gaske ta bugi labulen. Na'urar ce za ta auna ƙarfin bugun da inda ƙwallon ta nufa, majigi kuma ya nuna ta a jikin labulen tana tafiya a fili, kamar mutum yana can. Ba tafiya, ba rana. Ya ce ku uku za ku haɗa ku saya, a sa a gareji tunda an sayar da motar. Duk wannan ta bakin Hadiza na ji shi, kuma dole in tsaya a nan in yi bayani, don 'ya'yan yanzu sun mai da al'adar abin dariya. Yayanku ɗan farina ne. Yadda aka tarbiyyantar da ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi. In ya kira waya ya gaishe ni, in amsa, in ce ya aiki, in miƙa wa ubansa. In ina da magana in ba Hadiza ta kai, ta dawo mini da amsa. Ba wanda ya taɓa ce mini hakan yana ci masa rai.

Na'urorin iri biyu ne, kuma Yayanku ya shirya da wani mai sayar da su a Abuja ya zo da duka biyun a gwada. Suna da sunayensu na Turanci masu tsawo, ni dai na raɗa musu nawa: ta gefe da ta baya. Ta gefe tana da idanun kyamara, ana girke ta daf da ƙwallon tana fuskantar mai bugu, ta ɗauki hoton ƙwallon a daidai lokacin da sanda ta same ta. Ba ta buƙatar wuri mai yawa. Ta baya kuwa irin abin nan ce da jami'an hanya ke auna gudun mota da shi. Ana ajiye ta can bayan mai bugu, ta bi ƙwallon da kallo tana tafiya, saboda haka tana son ɗaki mai tsawo, da fili a baya da fili a gaba. Yayanku ya riga ya gama bincikensa tun daga can. Ya ce ta gefe ta fi tsada, ta fi faɗin gaskiya a cikin ɗaki, kuma za ta shiga garejinmu ba tare da an taɓa ko bulo ɗaya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban taɓa musa masa ko ɗaya ba.

Ranar gwaji ta faɗo Asabar, Baba Yohanna ya zo da sandunansa. Mai kayan ya rataya labule, ya girke ta gefe, muka riƙo mahaifinku muka kawo shi. Ya kama sanda. Ya buga, ƙwallon ta daki labule, sai ga ta a hoto ta ɗan tashi ta faɗi nan kusa.

"Wannan ai ko kaza ba za ta tsorata ba," in ji Baba Yohanna.

"Zo ka yi naka mu gani," in ji mahaifinku.

Rabon da in ji muryarsa da irin wannan ƙarfin tun kafin ya kwanta. To a nan matsalar ta fito. Tunda na'urar fuskar mai bugu take kallo, in bahago zai buga sai an ɗauke ta an kai ɗaya gefen, an daidaita ta, an shiga kwamfuta an gaya mata cewa yanzu hagu ne. Mai kayan ya durƙusa yana ta gyara, yana leƙe, yana matsarwa. Mahaifinku yana tsaye ya dogara da sanda, ina kallon ƙafar nan ta dama ta fara karkarwa. Kafin Baba Yohanna ya buga nasa a sake dawo da ita, mahaifinku ya nemi kujera. Kuma a wancan lokacin in ya zauna, tayar da shi aiki ne na mutum biyu. Aka sake zagaye ɗaya a haka, sai Baba Yohanna ya mai da sandarsa cikin jaka.

"Bar ta a gefensa kawai," ya ce wa mai kayan. "Ni dama yau kafaɗata ba ta so. Zan zauna in riƙa duba masa kurakurai."

Na tambayi mai kayan, ta bayan fa. Ya ce ita ba ruwanta da dama ko hagu, inda aka ajiye ta nan za ta zauna, kowa ya zo ya buga. Ya auna garejin da tef, ya girgiza kai, ya ce ya yi gajere, ƙwallon ba za ta yi tafiyar da na'urar za ta karance ta ba. Sai ya ƙwanƙwasa bangon baya da yatsa ya tambaya mene ne a bayansa. Na ce ɗaki ne. Ya ce da babu bangon nan da ta zauna daidai. Ya faɗa ne kawai a wuce wurin. Ya bar mana ta gefe mu ɗan gwada, ya ce in mun yanke shawara a kira shi.

Kada ku ce ban gwada ba. Na gwada. Ni da kaina na koyi ɗauke ta in kai hagu in dawo da ita dama, da wannan bayan nawa da ya gama lalacewa wajen juya majinyata. In na ɗan karkace ta, ƙwallo ta nufi daji a hoto, a sake. Baba Yohanna ya karɓa zai yi, gwiwa ta hana shi, kuma ba zai iya zama yana kallon matar abokinsa tana durƙuso saboda shi ba, sai ya sake ƙirƙiro ciwon kafaɗa. Ko wa ya yi dai, jiran yana nan, ƙafar mahaifinku kuma ba ta jira. Ya buga shi kaɗai ranar farko, ya ɗan taɓa washegari, daga nan ya koma bakin taga. Na same shi a can na tambaye shi wacce yake so a cikin biyun, ya ce wadda yara suka zaɓa ta yi, kada a ɓata musu rai. Haka yake, kun san shi, ko gishiri bai ji a miya ba sai ya ce Alhamdu lillahi. Da Asabar ta zagayo muka lallaɓa shi ya fito, ya ɗan buga, Baba Yohanna yana kan kujera yana ƙoƙarin tsokanarsa. Sai mahaifinku ya tsaya ya dubi labulen, ya dubi abokinsa.

"Wai da wa nake yi?" ya ce.

Ya miƙo mini sandar, ya ce a mai da shi ciki. Da na raka Baba Yohanna bakin get sai ya ce mini, "Hajiya, kada ki sa kanki cikin rigima da yara saboda ni. Abin da suka zaɓa ya yi." Na ce masa ba saboda shi ba ne, ya je gida ya gaida mini Maman Rahila.

Na ba Hadiza saƙo: a mayar da ta gefe, a kawo ta baya, a cire bangon. Amsa ta dawo cewa Umma ba ta fahimci na'urar ba. Na sake aikawa, aka turo mini wani dogon bayani da zane-zane a waya, wai in ga yadda ta gefe ta fi iya auna juyawar ƙwallo. Mutum yana narkewa a kujera, ana yi mini darasin juyawar ƙwallo. Ran Lahadi da yamma Hadiza ta zo gidan ta kira shi ta bidiyo, Sadiya ma tana kan layi, ina zaune a gefe ina tsince shinkafa kamar ba da ni ake ba, yadda na saba. Hadiza ta yi ƙoƙari, ta yi masa bayanin hagun da jiran da ƙafar. Ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar.

"Ki gaya wa Umma don Baba muka sayi abin nan, ba don mutanen gari ba. Ba za a rushe mini ɗaki saboda baƙo ba. In Baba Yohanna yana son bugawa, 'ya'yansa su saya masa tasa."

Har yau ban manta kalmar nan ba. Wai baƙo. Mutumin da ya koya masa tuƙi da motarsa, yaron ya fasa masa fitila, shi kuma ya shanye bai gaya wa ubansa ba. Mutumin da matarsa ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwar Sadiya har aka sallame ni. Mutumin da ya ɗauko ubansa daga ƙasa da rana tsaka, rigarsa duk amai, lokacin da shi mai ɗakin yake can inda sai an canja jirgi kafin a kai. Ban san lokacin da na ajiye farantin ba. Na karɓe wayar daga hannun Hadiza, na dubi fuskarsa, na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Hadiza ta dafe ƙirji. Shi kuma ya zuba mini ido, har na ɗauka layin ne ya tsaya.

"Ubanka ba na'ura yake nema ba," na ce. "Wanda zai ci yake nema. Ɗakin nan sai a yi shekara ba ka kwana a cikinsa ba, shi kuma kullum yana ƙarewa a bakin taga. Gobe magini zai zo. Ba shawararka nake nema ba, gaya maka nake yi."

Ya ce, "To, Umma." Ya kashe.

Washegari na aika aka kira Malam Ilu magini daga Darmanawa. Kafin ya iso na kwashe kayan ɗakin da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Littattafansa, takalman ƙwallonsa, har da tsohuwar rediyon da ya taɓa kwancewa ya kasa mayarwa, duk na goge na jera a ɗakin ciki kusa da nawa. Masu cewa na watsar da kayansa a tsakar gida su ji tsoron Allah, ko allura ba ta ɓata ba. Malam Ilu ya duba ya ce sai ya zuba bim a sama, wato kankaren da zai riƙe rufi, kafin ya taɓa bango. Ya zuba, ya bari ya bushe, sannan ya sa guduma. Ba zan ɓoye muku ba, bugun farko a ƙirjina na ji shi. Na tuna ranar da aka gama ɗakin, yadda yaron nan ya riƙa yawo da mukulli a wuya yana hana ƙannensa shiga. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, na wanke fuska, na fito na kai wa ma'aikata ruwa. Mahaifinku yana jin ƙarar daga falo, ya tambaye ni me ake yi.

"Ana yi wa Baban Rahila wurin tsayawa," na ce.

Can ya ce, "Yaron ya yarda?" Na ce an gaya masa. Bai sake tambaya ba.

Mai kayan ya zo ya ɗauke ta gefe ya girke ta baya, ita ma kuma ta zo da tata fitinar, ba zan yabe ta fiye da yadda take ba. Ba ta son fanka tana juyawa, wai fikafikan suna rikita ta, don haka a wannan zafin namu na Kano sai an kashe fanka ake wasa. Dole suka koma yi da sanyin safiya, ƙofar gareji a buɗe rabi, masu wucewa suna leƙe suna gyaɗa kai. Sai an manna wa kowace ƙwallo ɗan ɗigon ƙarfe mai sheƙi kafin ta gan ta sosai, wannan ya zama aikina na yammacin Juma'a, ina mannawa kamar filasta. Kuma takan yi ƙarya. Yayanku bai yi kuskure ba a nan. Wani lokaci mutum ya yi bugu mai kyau ta nuna ya faɗa ramin yashi, wani lokaci ta ƙi gani gaba ɗaya. To amma ku ji abin da binciken bai faɗa ba: ƙaryar nan ta fi komai yi mana amfani. Asabar ta farko ina tsakar gida ina shanya, sai na ji su.

"Na'urar nan cin hanci ka ba ta."

"Kai dai tsufa ne ya kama ka. Matsa in nuna maka."

"Ba a ƙidaya wannan ba, kowa ya ga ba ta gani ba."

Na tsaya da zani a hannu ina saurare. Ɗaya ya buga ya matsa, ɗaya ya shigo ta nasa gefen ya buga, ba jira, ba durƙuso. Mahaifinku bai nemi kujera ba sai da rana ta ɗaga. Baba Yohanna ya cinye shi a ranar, kuma bai raga masa ba ko kaɗan, Allah Ya saka masa da alheri. Ran Litinin da mai gashi ya zo, ya tarar da Alhaji a tsaye yana jiransa, yana tambayar wane motsi ne ke ƙara wa ƙugu ƙarfi. Kafin azumi ya fara takawa zuwa masallacin layi da sandar hannu. Kun gani da idonku, ba sai na rantse ba. Shekarun da ya ƙara a duniya Allah ne Ya ba shi, amma a tsaye ya yi su.

Yanzu ga abin da na rasa. Da babbar Salla Yayanku ya zo da matarsa da yara. Na gyara musu ɗakin ciki, na sa sabuwar katifa, na rataya labule. Ya shigo ya gaida ubansa, ya gaishe ni, ya leƙa ta tsakar gida ya ga ƙofar ɗakinsa a buɗe, ciyawar roba a shimfiɗe inda gadonsa yake a da. Da la'asar ya ce za su sauka a Hotoro gidan surukansa, wai yara sun fi sabawa da can. Mahaifinku ya ce masa, "Zo ka buga ko ɗaya ne, ka ga abin da ka saya mini." Ya ce bayansa yana ciwo. Tun daga wannan zuwan bai sake kwana a gidan nan ba. Yana zuwa, ba ya fasa gaisuwa, ba ya fasa aike, ba a taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Amma da la'asar ta yi zai duba agogo. Ko lokacin rasuwa, daga Hotoro yake zuwa zaman makoki da safe, ya koma da yamma. Na leƙa na ga Baba Yohanna a kan tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, yana ɗaga hannu tare da kowa in ana addu'a, ɗana kuma a ɗaya ƙarshen tabarmar, ba su haɗa ido ba.

Sai bayan arba'in Hadiza ta gaya mini abin da ya ce mata tun a wancan lokacin, ta ɓoye. Ya ce ba ɗakin ne ya fi damunsa ba.

"Tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa kiran sunana ba," ya ce mata. "Ranar da ta kira, don ta gaya mini za ta rushe ɗakina ne."

Maganar ta soke ni, ba zan ce ba ta soke ni ba. Amma bayan ta gama sukana sai ta ba ni haushi. Yaro ya yi karatu har ƙasar waje, ya san yadda ƙwallo ke juyawa a iska, amma bai san abin da ke sa uwa ta ɓoye sunan ɗanta na fari ba? Wace ce take tura masa tsoka a ƙasan kwano ta ce Hadiza ta kai? Wace ce take ɗaukar azumi duk ranar da zai hau jirgi, ba ta sha ruwa da daɗi sai an ce ya sauka? Ya tambayi ƙannensa, sun sani. Sunan nan na riƙe shi a bakina shekara da shekaru, ban ɓatar da shi a kan ɗauko ludayi ko rufe ƙofa ba. Ranar da na fito da shi, don in tayar da ubansa daga kujera ne. In akwai abin da ya fi wannan cancanta, a gaya mini, ina saurare.

Watan jiya saƙo ya sake zuwa, ta bakin Hadiza kamar kullum, wai tunda Baba ya rasu zai turo a mai da bangon, a sayar da na'urar. To ga amsata, don kada a ce Hadiza ce ta ƙara gishiri. Ba za a mayar ba. Baba Yohanna yana zuwa har yanzu duk Asabar, Maman Rahila ta shigo wurina mu sha shayi, shi ya buɗe gareji ya kashe fanka. Ni nake manna masa ɗigon ƙarfen. Yakan buga nasa, ya matsa gefe ya ɗan tsaya, sannan ya dawo ya sake bugawa, kuma ba ya yin musu da kowa. Muddin ƙafarsa tana kawo shi, wurin nan nasa ne. In na mutu ku gina bango har biyu in kuna so.

Ɗakin ciki kuwa yana nan. Katifar ba a taɓa kwana a kanta ba, nakan fitar da ita ta sha rana in mayar. Littattafan suna jere yadda na jera su, rediyon ma tana nan a kwance. An ce sau ɗaya na taɓa kiran sunan ɗana, kuma da faɗa. To wannan ban ba Hadiza ta kai ba, kuma ba gafarar bango nake nema ba.

Mahmud, ka zo ka kwana a gidan ubanka.